Minti Goma a Gado na Shida

Tun yana yaro Auta bai iya katse maganar babba ba, karatun likitanci kuma bai canza shi ba. Ranar da ya fara aiki a ɗakin marasa lafiya, babbar likita ta ba shi minti goma ya gano abin da ke damun tsohon da ke gado na shida. Gaisuwa kaɗai ta cinye biyar.

Da ta dawo ta ce, "Ɗalibi, me ka samo?"

Ya duba takardarsa, gumi na karyo masa. "Ranki ya daɗe, akuyarsa ta haifi biyu."

Tsohon ya ce, "Yi masa haƙuri, 'yata. Yanzu muka iso kan ciwon."

Ta danne dariya, ta ƙara masa minti uku.