Neman Muryar Malam a Riyad

Isowa

Abin da na fara lura da shi a filin jirgin Riyad shi ne daɓen ƙasa, yana sheƙi har ina ganin takalmina a ciki. Ni da Umma mun bar Zariya bayan sallar asuba, motar haya ta kai mu Kano, jirgi ya kai mu Jidda, wani ya sauke mu Riyad washegari da ƙarfe goma. Baba, wanda ke tuƙi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ya kai mu masaukinsa a Ulaisha, muka ci shinkafar kabsa da kaza.

Da saƙo na zo. Kaka, mahaifiyar Baba, tana da kaset ɗin da marigayi Malam, mijinta, ya aiko mata daga Makka, zamanin da ake aika murya maimakon wasiƙa. An juye shi a wayar Umma, amma kunnen Kaka ya yi nauyi, shekara uku ba ta jin abin da yake cewa. Ta ce in samo mata abin da zai dawo mata da muryar.

Juma'a, shagon hedifon

Mun fita bayan la'asar, Baba yana taɓa aljihu don tabbatar da iƙamarsa, takardar izinin zama. Tafiyar minti ashirin ce. Mai shagon, wani Bayamane, ya jera mana hedifon uku.

Na farko baƙi ne, mai nauyi, da matashin fata. Aka sa kiɗa, ganga ta buga har cikin haƙorana. Baba ya ce wannan ne ya dace da uwarsa. Na biyu bayansa kamar rariya, ba nauyi, sautinsa a buɗe kamar a tsakar gida, sai dai hayaniyar shago duk tana shiga, ga shi maƙwabcin Kaka yana da injin markaɗe. Na uku ruwan toka ne, matashinsa na yadi mai laushi, ba ya ɗaukar ido.

Har an fara naɗe baƙin. Sai na ja hannun Umma, na raɗa mata ta ara mini tabaronta. Kaka ba ta cire tabarau, ba ta cire ɗankwali. Na ɗaura gyale a kan hijabina irin ɗaurinta, na sa tabarau, na kunna muryar Malam. Mai shago ya yi dariya ya ce, "Mafi mushkila," wato ba matsala, in gwada.

Cikin minti biyar baƙin ya danna ƙarfen tabarau cikin naman kaina, gurnanin tsohon kaset kuma ya haɗiye maganar. Na ukun ya zauna lafau, muryar ta fito gaba, kowane harafi daban. Na bar shi ya wuce sallamar ban kwana, inda kullum muke kashewa. Sai na ji Malam ya rage murya ya ƙara wata magana.

"Baba, ba wannan ba," na ce. Ban taɓa musa masa a gaban mutane ba.

"Uwata zan kai wa mai kama da na yara, Nafisa?"

Na miƙa masa. Ya saurara har ƙarshe, ya juya yana kallon bango. Da ya juyo sai ya ce a naɗe mai ruwan toka.

Komawa

Bayan mako biyu muka sauka Kano da azahar, muka isa Zariya kafin magariba. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa Baba da Umma da alheri.

Da safe, injin markaɗe na ruri, na ɗora wa Kaka hedifon a kan ɗankwalinta. Ta amsa sallamar Malam da ƙarfi. Da aka zo wurin da ya ce, "Hajjo, na ga atamfa irin taki a kasuwa, na daɗe a tsaye," sai ta rufe baki da gefen zani tana dariya.

"Ji tsohon nan! Ashe da saura."

Sau huɗu na maimaita mata. Sannan na matso da wayar kusa da bakinta na ce, "Kaka, don Allah ki ba shi amsa, in ɗauki taki muryar."