Takardar Malam Sule da Ta Ƙi Goguwa

Jama'a, wannan a kan idona ya faru, wallahi ba ji na yi ba. Lokacin ina masinja a wani ofishin gona a Kontagora, shekarun da aka fara kawo kwamfuta. Ni iyakata shara da ɗaukar fayil, sai dai magana ba ta wuce kunnena.

Muna da wata babbar kwamfuta, Yuniks suke ce mata, ba a haɗa ta da ko'ina ba. Mai kula da ita Bitrus ne, mutumin Dukku. Shi ya ce min cikinta ɗaki-ɗaki ne kamar gida, akwai na tushe, in wannan ya cika komai sai ya tsaya cak. To, ran wata Litinin ya cika. Oga ya ce in Juma'a ta yi ba ta tashi ba, Bitrus ya nemi wani aikin, ga shi da iyali.

Da ya duba, sai ya tarar takarda ɗaya ce ta Malam Sule, akawunmu da ya rasu sati biyu kafin nan, ta yi ta maimaita kanta har ta cinye wurin. Ya goge, muka fita cin abincin rana, makullin ɗakin kwamfutar na aljihuna, muka dawo takardar ta sake cika wurin. Talata haka, Laraba haka.

Na ce, "Bitrus, wai ka ma karanta abin da kake gogewa?"

Ya ce, "Baba, kai da albashi ma sai da dangwale, yau kai ne injiniya?"

Na ce, "Ni dai a gidanmu ba a kwashe kayan mamaci sai an san na waye."

Ya buɗe. Ashe iyakar gonar wata tsohuwa ce a Kaboji, daga tsamiya zuwa rafi, dangin marigayi mijinta na neman ƙwacewa. Malam Sule ya auna, bai kai mata takardar ba rai ya yi halinsa.

Aka buga, oga ya sa hannu, ran Alhamis na kai mata da azahar. Ta karɓa, ko mamaki ba ta yi ba, ta ce, "Sannu. Ai jiya da la'asar Malam ya biyo ya ce tana tafe."

Na yi mata sallama na kamo hanya. Da na dawo, Bitrus ya ce da azahar wurin da ya cika a kwamfutar ya buɗe da kansa, bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba.

Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Ku masu goge-gogen nan, don Allah ku riƙa karantawa tukuna.