Minti Ashirin da Uku na Ifediora

Duk wanda ya taɓa kai rediyo ko lasifika gyara a bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya san Ifediora, ya kuma san ba a karɓar kaya a hannunsa da gaggawa. Ba nawar aiki gare shi ba. In ya gama gyara sai ya gwada, kuma da kiɗa ɗaya tak yake gwaji, yau shekara arba'in ke nan. Kiɗan minti ashirin da uku ne, babu waƙa a cikinsa ko baiti ɗaya.

Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne da aka turo daga gabas, a gidajen ma'aikata aka haife shi, a nan ya yi wayo. Hausarsa ta fi Ibonsa gudu, har in ya je ƙauyensu bikin Kirsimeti 'yan'uwa kan yi masa dariya. Yana da shekara goma sha tara, yana koyon gyaran rediyo, wani baƙon injiniya da ya zo aikin layin dogo ya kawo rediyo mai kaset, ya tafi bai dawo ba. Da Ifediora ya gyara ta ya danna, sai ya tarar akwai kaset a ciki, fari fat, ba a rubuta komai a jikinsa ba.

Jita ɗaya ce ta fara, a hankali, tana maimaita abu guda kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba kowa a ciki. Ta yi minti huɗu a haka kafin ganguna su shigo, su ɗauki kowa su yi gaba. Can a tsakiya sai komai ya lafa, aka bar babbar jita mai kaurin murya da fiyano suna tafiya ƙafa-ƙafa har minti shida. Daga nan ƙaramar jitar ta dawo, ta kama hawa. Tana hawa tana kuka, in ka ce ta kai ƙarshe sai ta sake samun wani tudu. Ifediora na tsaye da ƙarfen liƙi a hannu, bai san ya ɗora shi a kan tebur ba sai da ya ji ƙaurin katako. Daga baya aka gaya masa irin wannan kiɗa rok ake ce masa. Shi dai abin da ya sani, a ranar ya fita waje ya ga garin kamar an wanke shi.

Tun daga lokacin yake neman mutum ɗaya da zai zauna ya ji kiɗan nan daga farko har ƙarshe. Mutum ɗaya kawai.

Ya fara da Oby, lokacin yana neman aurenta. Ya share shago, ya sayo mata lemo mai sanyi, ya danna kaset. Ta harɗe hannu tana murmushi. Da aka kai minti biyar sai ta dube shi.

"Yaushe za su fara waƙar?"

"Babu waƙa."

"To me suke jira?"

Ya aure ta duk da haka, kuma bai taɓa nadama ba. Amma har yau in ya kunna a gida takan ce daga madafa, "Baban Ginika, kiɗan da ba a rawa da shi, ba a yabon Allah da shi, ba a raka gawa da shi, na mene ne?" Ya sha ba ta amsa, amsar ba ta taɓa fitowa yadda take a ransa ba.

Masu kawo gyara kuwa, wanda ya fi haƙuri a cikinsu yakan kai minti uku. "Oga Ife, ai ta gyaru, na ji." Sai ya ce musu lasifika ba ta nuna halinta sai a minti na goma sha shida, inda jita ke hawa. Gaskiya ce ta sana'a, amma kowa ya san ba don lasifikar yake faɗa ba. Masu kiɗan biki har suna gargaɗin juna: in za ka wurin Ifediora ka bar ɗan acaba yana jiranka a ƙofa, ka sami hujjar tashi.

Kaset ɗin ya tsinke sau biyu ya liƙe shi. Da ya ga zai mutu a hannunsa sai ya kwafe shi a faifai, daga baya ya zuba a filashi.

Abin da ya fi ƙona masa rai ya faru ne a Manchok, shekaru shida da suka wuce. Wata majami'a ta sayi sababbin kayan sauti, aka kira shi ya haɗa. Ranar Asabar ce, matan zumunta sun taru za su yi koyon waƙa, suna zaune da tuluna da kacau-kacau suna jira ya gama. Ifediora ya dubi girman ɗakin, ya dubi lasifika huɗu da ya kafa da hannunsa, zuciyarsa ta ce masa yau rana ce. Kiɗan bai taɓa samun ɗaki irin wannan ba. Ya kunna shi.

Da ganguna suka shigo, mata uku suka miƙe da niyyar rawa. Suka gwada ta dama, suka gwada ta hagu, ba su sami inda za su ajiye ƙafa ba, suka koma suka zauna suna dariya. A minti na takwas shugaban mawaƙa, wani dattijo mai suna Azariya, ya tako har gaba ya rage murya.

"Oga, sannu da aiki. Kayan sun yi kyau."

"Baba, ba a kai wurin ba tukuna."

"Wane wuri? Kiɗa bawan magana ne. Shi ke ɗauke mata kaya ya kai ta cikin zuciya. Wannan naka jaki ne da aka sake ba kaya, yana ta yawo."

"Tsuntsun da ke kuka da asuba a bayan gidanka, me yake cewa? Ka taɓa korarsa don bai yi baiti ba?"

"Tsuntsu ba ya minti ashirin a cikin majami'a," in ji Azariya, matan suka sake fashewa da dariya.

Ya shiga motar komowa Kafanchan. Amsoshi goma suka zo masa a hanya, kowace ta fi wadda ya bayar.

'Yarsa Ginikachi ce ta gano masa sunan kiɗan. Ta dawo hutu daga makaranta, ta kara wayarta a bakin lasifika, cikin ƙiftawar ido sunan masu kiɗan ya fito, Turawa huɗu masu dogon gashi, biyu ma sun mutu. Ya yi murna har ya cire tabarau ya goge. Ya ce ta karanta masa abin da mutanen duniya ke faɗa a kai, don ya tabbata can akwai masu kunne.

Ta karanta. Wani ya ce da wannan kiɗa yake so a binne shi. Na ƙasansa ya ce minti shida ne aka ja kamar roba. Wata ta ce ganguna ne kawai abin ji. Wani ya zage ta. Sannan Ginikachi ta nuna masa akwai gajerensa na minti biyar, an yanke kai da tsakiya an bar hawan jita kaɗai, kuma shi mutane suka fi saurare nesa ba kusa ba.

"Baba, ka gani, ko a can ma faɗa suke."

"Rufe wayar nan," ya ce. "Wa ke hawa dutse daga ƙololuwa?"

Maƙwabcin shagonsa shi ne Malam Lawal, dillalin citta, wanda tun kakansa suke kasuwar garin. Yakan saro busasshiyar citta daga Kwoi ya tara a sito har masu manyan motoci su zo. Shekara talatin suna gaisawa, suna halartar suna da jana'iza a gidajen juna. Bara waccan da matarsa Hajiya Kubra ta rasu, Ifediora ya rufe shago kwana uku yana zaman makoki tare da shi. Amma bai taɓa tunanin kunna masa kiɗan ba. Mutumin da rediyonsa ba ya barin tashar labarai, me zai yi da jita?

A watan Agustan da ya wuce, da la'asar, Malam Lawal ya shigo karɓar rediyonsa sai ruwa ya tsuge. Irin ruwan Kafanchan, wanda in ya fara ba ya shawara da kowa. Ya leƙa waje ya dawo ya zauna a kan benci.

"To, Oga Ife, yau dai ba ni da inda za ni. Sa abin nan naka in ji ƙarshensa. Shekara talatin ina jin kansa ta bango, ban taɓa jin inda ya dosa ba."

Ifediora ya jona waya. Ya tura ƙofa don ƙarar ruwa, ya zaɓi lasifikar da ta fi kowace kyau, ya koma gefe ya tsaya. Bai yarda ya dubi fuskar Malam Lawal ba sai ta wutsiyar ido. Minti huɗu suka wuce. Takwas suka wuce. A tsakiya ya ga mutumin ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya sunkuyar da kai. Da jita ta kama hawa, Ifediora ya ji tsigar jikinsa ta tashi kamar ranar farko. Kiɗa ya ƙare. Sai ƙarar ruwa a kan kwano.

Malam Lawal ya ɗago kai.

"Akwai magana a ciki," ya ce. "Wallahi akwai."

Ifediora ya zauna. Malam Lawal ya ci gaba.

"Na tsakiyar nan, inda suka yi sanyi su biyu. Ka san bayan sadakar uku, in baƙi sun watse, an naɗe tabarmi, ka shiga ɗaki ka ga takalmanta a bakin ƙofa? To shi ne. Wanda ya kaɗa wannan ya san abin."

"Wannan ai hutawa ce kawai, Malam. Suna tara numfashi ne don abin da ke zuwa. Ƙarshen fa? Hawan jitar?"

Malam Lawal ya mayar da hularsa. "Ƙarshen nan, kada ranka ya ɓaci, yaron ya cika son a gan shi. Irin dillalin da ke ɗaga murya don kayansa ba su da nauyi. Da ni ne, a tsakiyar zan tsaya."

"Son a gan shi? Mutum ya yi minti goma sha shida yana haƙuri, ya zo zai faɗi abin da ke cikinsa, ka ce son a gan shi?"

"Wanda abu ya dama da gaske ba ya ihu haka."

"Kai ne ba ka ihu. Akwai masu yi."

Suka yi ta yi har ruwa ya ɗauke, babu wanda ya matsa ko taku ɗaya. Da Malam Lawal ya ɗauki rediyonsa zai fita, Ifediora ya ce, "Shekara arba'in ina roƙon Allah ya ba ni mai saurare. Da ya tashi ba ni, sai ya ba ni kai."

Washegari da safe ya kunna shi kaɗai don ya tabbatar wa kansa. Da aka zo tsakiya sai ga takalma a bakin ƙofa. Ya girgiza kai, ya koma baya ya sake, suna nan. Wurin da da yake gyara zama yana jiran jita, yanzu ya zama gidan makoki, kuma ba shi ya gayyato makokin ba. Ya gaya wa Oby cewa Malam Lawal ya ɓata masa kiɗa. Ta ce ai ta ɗauka mai saurare yake nema. Ya ce mai saurare, ba mai gyara ba.

Bai san lokacin da Malam Lawal ya roƙi Ginikachi ta yanko masa minti shidan nan ta tura masa a waya ba. Sai dai wata ranar Talata yana liƙin waya ya jiyo babbar jita da fiyano daga siton citta. Suka kai inda ya kamata ƙaramar jita ta shigo, ya tsayar da hannu yana jira, sai suka koma farko. Sau huɗu a jere. Ya ajiye ƙarfe ya zagaya.

"Malam, ko dai ka ji shi duka ko ka bar shi."

"Na ji shi duka, ai kana wurin. Na ɗauki rabona."

Kwana uku Ifediora bai leƙa siton ba, gaisuwa ma daga nesa yake ɗaga hannu. Abin da ya hana shi sakat kuma ba yankan kaɗai ba ne. Wayar Malam Lawal tsohuwa ce, bakinta ya fashe, babbar jitar na fitowa kamar ƙuda a cikin gwangwani. A rana ta huɗu ya kasa jurewa. Ya zaro wata ƙaramar lasifika daga ƙarƙashin tebur, ya canza mata takardar bakinta mai fitar da sauti, ya haɗa mata akwatin katako, ya kai siton ya ɗora a kan buhun citta ba tare da ya zauna ba.

"In za ka ji rabin abu, ka ji shi da kyau," ya ce.

Malam Lawal ya jona wayar, muryar jitar ta cika siton har ƙasa na amsawa. Ya gyaɗa kai, ya tura masa kujera da ƙafa. Ifediora ya ce yana da aiki. Ya tsaya a bakin ƙofa har minti shidan suka cika, da abin ya koma farko ya yi tsaki ya wuce shagonsa.