Fom Ashirin na Shugabanmu

A shekarun da mutanen Borno da Yobe ke kwararowa Gombe, wata ƙungiyar agaji a Nasarawo ta ɗauke ni in kula da manhajar rajistar 'yan gudun hijira. Kwamfuta ɗaya ce, tsohuwa. Kafin ta nemo suna guda, na kan layi ya gaji da tsayuwa.

Na san dabara. Kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutunmu zuwa yaren inji, ba ta san sashen da aka fi amfani da shi ba, kintace take yi. Amma in ka sa wa manhajarka ma'auni ta yi aikin gaske na 'yan kwanaki, ka miƙa wa kwamfaila sakamakon, sai ta sake gini, ta share hanyoyin da aka fi bi. Illarta ɗaya: lokacin awon, nauyin kwamfutar ƙaruwa yake.

Na sa ma'aunin. Rana ta biyu shugabanmu ya ga haka, ya hau ni da faɗa.

"Gyara na ce ka yi ko ɓarna? Cire abin nan!"

"Yallaɓai, kwana uku kawai nake roƙo."

"Ga ma'aikata ashirin. Kowa ya cika fom, ka auna da nasu."

Haka aka yi. Fom tsaf, da ranar haihuwa, da adireshi, da lambar waya. Mutanen da ke waje kuwa, wa ya tsaya ɗaukar takarda lokacin da ake harbi? Yawancinsu ma ba rajista ta fara kawo su ba, cigiyar 'yan uwa suka zo. Kwamfaila ta gaskata fom ɗinmu, ta tura sashen cigiya can baya. Na ga wata dattijuwa ta wuni a rana tana jiran a duba mata sunan ɗanta, aka tashi ba a kai kanta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Bayan mako biyu ana haka, matar da ke zama kan kwamfutar ce ta ce min, "Ƙanena, mayar da ma'auninka. In ya tambaya zan ce wuta ce ba ƙarfi."

Muka auna kwana uku, na sake gini. Layin da ke kai la'asar ya koma ƙarewa da azahar.

Da baƙi suka zo daga Abuja, ina tsaye a wurin shugaban ya ce musu gyaran shawararsa ce. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da har yau ke min ciwo, mako biyun da mutane suka sha rana don kawai ya ƙi sauraro. Dattijuwar nan ba ta sake dawowa ba.