Selerin Madam Odil

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan aikin garka. Ranaku da yawa sun ɓace mini, amma ranar da Madam Odil ta dawo daga Liyon tana nan daram a kaina. Ku da kuka shigo bana kuna ce mini Sarkin Tambaya a bayan idona, don ina hana ku taɓa shukar kowa sai kun tambaya. Ina jin ku. Bari in gaya muku inda abin ya samo asali.

Ga wanda bai san tsarin ba, garkarmu tana garin Sevran, nan ƙasar Turawa, bayan dogayen benaye. Ƙungiya ce ke riƙe da filin, ta yanka shi kashi-kashi, kowane iyali da nasa yanki mai lamba. Mu ma'aikata namu shi ne hanyoyi, famfuna, shinge da taki. Idan mai yanki zai yi tafiya ko ya kwanta likita, sai ya cika takarda, ya rubuta abin da yake so a yi masa, shef, wato shugaban aikinmu, ya ba ɗayanmu. Ranar da ya dawo ya duba yankinsa a gaban shef, ya sa hannu: ko ya gamsu, ko yana da ƙara.

Na kama aiki a farkon Mayu, a kan gwaji na wata huɗu. Shef ɗinmu na lokacin, Mushe Filip, wato Malam Filip a yarensu, mutum ne marar yawan magana. Ya ce mini ƙara ɗaya a rubuce ta isa a sallame ni. Takardar zamana kuma za ta ƙare a Oktoba, ba za a sabunta ta ba sai da tabbataccen aiki. Ina da mata, Hadiza, da 'ya'ya biyu a makaranta. Saboda haka na ƙudura a raina zan yi aikin da ba a taɓa gani ba a garkar nan. Na kuwa yi.

Madam Odil ce mai yanki na sha huɗu, tsohuwa ce 'yar asalin Liyon, ta haura saba'in. A watan Yuni aka ba ta ranar aikin gwiwa a can kusa da ɗiyarta. A takardarta abu ɗaya ta rubuta, ta kuma maimaita mini da baki.

"Ruwa kawai, Isuhu. Safe da yamma. Kada ƙasar ta bushe."

Na ce to, Madam.

Washegari na je na tsaya a kan fangalinta. Seleri ne, wani ganyen Turawa da ake cin karansa, tushe sittin, an cusa su wuri guda kamar fasinjojin jirgin safe, an kewaye su da katako, ganyen kuma ya yi fatsi-fatsi. Ni ɗan ƙasar Madawa ne, a cikin albasa da hatsi na buɗe ido. A wurinmu shuka mai cunkoso aikin rago ce, ganye mai rawaya kuma yunwa ce. Tausayin tsohuwar ya kama ni da gaske. Na ce a raina ƙarfi ne ya ƙare mata, ba ta iya duƙawa ta rage.

Kwana uku na daure ina ba da ruwa kawai. A na huɗu na ɗauko hauya. Na cire katakon don iska ta shiga, na tumɓuke tushe talatin, na bar sauran a layi, da tazarar da mutum zai wuce da buta ba tare da ya taɓa ganye ba. Waɗanda na cire kuwa, mu ba ma zubar da dashe. Da na rasa wuri, sai na kai su bayan ɗakin kayan aiki, inda akwai wani tsohon akwatin katako cike da ruɓaɓɓen ganye, kusa da famfon da ke ɗiga. Na cusa su ciki haka nan, da niyyar in nema musu wuri daga baya. Ban sake bi ta kansu ba.

Na fangalin kuwa suka sha rana, suka yi kore shar, suka yi ƙarfi. Kowace safiya sai na tsaya na kalle su, har hoto na aika wa yayana a gida.

A ƙarshen Agusta, ranar Alhamis, Malam Abakar ya dawo daga ɗaya garkar ƙungiyar inda aka tura shi tun bazara. Mutumin Cadi ne, ya girme ni a aikin da shekara tara. Na ja shi don ya ga aikina. Ya daɗe yana kallo.

"Malam Isuhu, wa ya yi wannan?"

"Ni ne."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

Ya karyo kara ɗaya ya miƙo mini. Na tauna. Ɗaci ya cika mini baki, zare ya maƙale mini a haƙori.

Sai ya yi mini bayani a tsanake, kamar mai karanta wa mutum sakamakon likita. Seleri iri biyu ne. Akwai wanda sai an tara masa ƙasa ko an naɗe shi kafin karansa ya yi fari. Akwai kuma wannan, mai ruwan zinariya, wanda ke yin fari da kansa, muddin an shuka shi a matse, kowane tushe ya yi wa ɗan'uwansa inuwa. Katakon don na gefe ne, waɗanda ba su da maƙwabci. Fatsin ganyen kuma launinsa ne, lafiyarsa ƙalau.

"Wato duk abin da ta yi daidai ne," na ce.

"Duka. Kai ka zo ka warkar da shi."

Na tambaye shi ko akwai gyara. Ya ce a naɗe su da kwali, sati uku za su ɗan yi haske. Madam Odil kuwa ranar Litinin za ta dawo. Ya tambaye ni ina sauran, na kai shi bayan ɗakin kaya. A cikin akwatin nan, tushe talatin da na watsar sun cika wurin maƙil, karansu fari sol da ɗan rawaya, ka taɓa ya karye ƙas.

"Maida su fangalin ran Lahadi, ka rufe bakinka," in ji Malam Abakar.

Na yi tunanin haka har kwana biyu, ba zan ɓoye muku ba. Ba tsoron Allah kaɗai ya hana ni ba. Tushe mai wannan girman idan aka tumɓuke shi sai ya yi yaushi, kuma gwiwa aka yi wa matar aiki, idonta lafiya lau.

Litinin da ƙarfe goma ta iso tana dogara sanda, Mushe Filip na biye da takarda. Ta tsaya a bakin fangalin. Bakinta na motsi, na gane ƙirga take yi.

"Talatin," ta ce. "Ina sauran?"

Na faɗa mata komai tun daga hauya, ban rage ba. Na ce na ɗauka yunwa suke ji. Mushe Filip ya zare murfin biro. A lokacin fuskar Hadiza kawai nake gani, ina tunanin da wane baki zan gaya mata.

Madam Odil ta ce a kai ta wurin sauran. Tafiyar minti ɗaya ce, muka yi ta a minti biyar. Ta leƙa akwatin, ta karyo kara, ta tauna a hankali.

"Wa ya koya maka matse su haka?"

"Babu, Madam. Wuri ne na rasa."

"Me ka yi musu tun Yuni?"

"Ban yi musu komai ba."

"To, wannan ka iya," ta ce.

Ta karɓi biron, ta ɗora takardar a kan akwatin, ta daɗe tana rubutu. Ka'ida ce shef ya karanta a gaban ma'aikaci, sai ya karanta da muryarsa ta kullum: "An ba da ruwa yadda na nema. An kuma yi abin da ban nema ba. Ba ni da ƙara. Fararen nawa ne. Korayen, wanda ya noma su shi zai ci."

Mushe Filip ya ɗago kai. "Duka talatin, Madam?"

"Duka."

Sai da suka juya na zauna a kan buta. A satin nan aka tabbatar da ni a aiki, takardar zama ta fito a kan lokaci. Madam Odil ta ɗauki tushe shida a jaka ta kai wa ɗiyarta Liyon. Ni kuma na kwashe talatin nawa zuwa gida a amalanke. Hadiza ta sa shi a miyar kuka, ta sa a shinkafa, ta shanya wani ta daka. Mun kai Disamba muna ci. Har yau idan muka bi ta gabansa a kasuwa sai ta dube ni.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan wanda bai san komai ba ba ya cika yin ɓarna, don yana tambaya. Ɓarna tana wurin wanda ya iya noma a wani wuri, ya zo da tausayi da hauya. Idan kun ga abin da bai yi muku daidai ba a yankin mutum, ku fara ɗauka da gangan ya yi.

Madam Odil ta koma Liyon da zama shekara huɗu da suka wuce, ta bar mini irin a cikin ambulan. Duk shekara ina shuka shi a matse, tushe sittin, da katakonsa. Kuma duk watan Yuni, idan na tsaya a kansa, hannuna sai ya fara ƙaiƙayin ragewa. Sai in sa shi a aljihu, in ba da ruwa da ɗayan.