Baƙin kaya a tsibirin Girka

Ina fita takaba 'yata ta fari ta zo min da tikitin jirgi. Tana aiki a mustashfa, wato asibiti, ta ɗauki hutu, wai za ta kai ni wani tsibiri a ƙasar Girka in sha iska. Ni ban ce ina neman iska ba. A unguwar Harra ta Gabas, cikin Madina, aka haife ni, nan na yi aure, nan na haihu, in an ce tafiya to Makka ce ko Jidda. Amma na san abin da ke cin ta. Tun da aka kai ubanta maƙabartar Baƙi'a ban ambace shi ba. In ta ɗauko zancensa da Larabcin nan nata, sai in tambaye ta ko ta kashe gas. Ta ɗauka in ta raba ni da ɗakina bakina zai buɗe.

Tsibirin duk hawa ne. Kowane ƙauye an ɗora shi a kan dutse an shafe shi da farin fenti, sai matakala, matakala. Ta yi hayar mota da direba, kullum da safe a kwashe mu zuwa wani kango. Nan ginshiƙai a kwance, can rami an kewaye shi da igiya, Turawa sun yi cirko-cirko a rana suna kallo. Mu a Madina in an kai ka Uhudu ka san waɗanda za ka yi wa sallama. Na tambaye ta wa ke kwance a nan, ta ce ba kowa, fadar wani sarki ce ta dā. Na ce to me muka zo yi. Ta ɗauki hotona ina dafe da gwiwa.

Abu ɗaya ya ɗan kwantar min da rai. Kowane ƙauye muka shiga akwai tsofaffin mata a bakin ƙofa, baƙin kaya har ƙasa, baƙin ɗankwali. Na ce wa 'yata ashe akwai Musulmi a nan, ko da yake ban ji kiran salla ba. Ina yi musu sallama cikakkiya, su kalli abayata su gyaɗa kai a hankali. Wata har ta kama hannuna ta matse. Na ce mutanen kirki ne, sai dai ba a koya musu amsa sallama ba.

Ranar da aka ce za a hau wata tsohuwar ganuwa a saman gari, na ƙi. Na sami dakali a ƙofar wani gida na zauna. 'Yata ta ce, "Ummi, saura kaɗan fa." Na ce ta je ta gaishe min da duwatsun.

Ba a jima ba matar gidan ta fito, ita ma cikin baƙi, da ruwan sanyi da ɗan faranti ɗauke da cokali ɗaya na ɓawon lemo da aka dafa da sukari. Na ciro dabinon ajwa daga jaka na ba ta, don ba na cin na mutum hannu rabbana. Da na ga rana ta karkata, na nuna mata da hannu ina son wurin salla. Ta shigar da ni ɗaki. A bango ga gicciye, ga 'yar fitilar mai tana ci, ga hoton wani tsoho mai gashin baki. Na tsaya cak. Ta nuna hoton, ta kama rigarta ta girgiza, sannan ta kama gefen abayata tana kallona.

Nan na gane. Baƙin nan takabarsu ce, kuma direba ya ce daga baya wasu ba sa cirewa har su mutu. Ashe duk ƙauyukan nan ta'aziyya ake yi min, ni ina ta rabon sallama. Kuma ba su yi kuskure ba.

Na fita tsakar gida, na kintaci alƙibla, na shimfiɗa sallayata a ƙarƙashin inabi. Da na idar muka koma dakali. Ta yi ta magana da yarensu tana nuna ɗakin. Da ta yi shiru sai na ji na karɓa da Hausa. Na ce nawa mijin a gonakin dabino na Awali ya ƙare rayuwarsa, tafin hannunsa kamar bayan itace. Na ce duk shekara nunan fari a aljihun farar riga yake kawo min, ya ɓata aljihun, in yi faɗa, shekara ta zagayo ya sake. Na ce rigar ƙarshen tana nan a rataye, ban wanke ba. Matar tana gyaɗa kai tana tauna ajwa.

Ban san 'yata ta sauko ba sai da na ji muryarta a bayana, da Hausarta mai tsami da ta daina yi tun tana makaranta.

"Ummi, wace riga?"

Na ce gwiwata na ciwo, ta kira direba. A mota ta sake tambaya. Na ce tana bayan ƙofar ɗakina, kuma kada in ga hannun kowa a kanta. Ta ce to. Daga nan na ci gaba da ba ta labarin aljihun, da na shekarar da ya faɗo daga dabino ya ɓoye min, har muka iso masauki.

Washegari akwai wani kangon. Na sa takalmi na bi ta.