Baba Mabuɗi, Mai Haɗa Na Nesa Da Gida

Kafin maƙwabtansa su gama ɗaga ƙofofin shagunansu, Baba Mabuɗi ya riga ya share gaban nasa, ya ɗora ruwan shayi, ya zazzage jakarsa a kan tebur yana duba kayan aiki. Kullum kayan ba sa canjawa: tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure kusurwarta da salatif, shuɗiyar wayar intanet a naɗe, ɗan sukurudireba, tocila, da gilashin ƙara girman rubutu, don a cewarsa masu ƙera rauta, akwatin raba intanet, sun rantse ba za su yi rubutun da dattijo zai iya gani ba. In ya tabbatar komai na nan, sai ya kurɓi shayinsa, ya kunna waya. Nan take saƙonni za su fara zubowa, kuma kusan duk kuka ɗaya ne: jiya ina ganin gidana a waya ta kyamara, yau ba na gani. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya rataya jaka, ya buga babur.

A ƙarshen watan nan Baba zai ajiye wannan jaka. Gwiwa ta fara gardama da matakalar bene, ido kuma ya gaji da ƙananan lambobi. Shi ya sa ya kamata a faɗi ko wane ne shi tun yana ji da kunnensa.

Da jan wayar tarho a kan falwaya ya fara aiki, tun yana saurayi. Da intanet ta shigo gidaje, sa'o'insa suka ce wannan harkar yara ce, suka koma gefe. Shi ko ya sayi rauta ɗaya, ya zauna da ita a ɗaki yana ɓatawa yana gyarawa, har matarsa ta ce in dai akwatin nan zai riƙa yi wa hira to ya nemi abinci a wajensa. Daga nan ya ƙware a wani ɓangare da mutane da yawa ba su ma san akwai shi ba.

Ga yadda yake bayyana wa masu gida, kuma bai taɓa gajiya da maimaitawa ba. Rauta, wato akwatin nan mai ƙyafta fitilu da ke raba intanet a gida, kamar mai gadi take. Na cikin gida in ya aika saƙo waje, za ta bar amsa ta shigo. Amma in wani ya ƙwanƙwasa daga waje, ba ta buɗewa, ko da kuwa mai gidan ne da kansa yake neman ganin kyamararsa daga wurin aiki. Sai an shiga cikinta an gaya mata cewa duk wanda ya zo ta ƙofa mai lamba kaza, a kai shi wurin na'ura kaza. Wannan shi ake kira buɗe ƙofa, kuma daga nan ne wani mai kemis ya laƙaba masa Mabuɗi, sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Mai kemis ɗin nan har yau ba ya ba da labarin ba tare da ya yi dariya ba. Wani ne ya sa masa kyamara a shago, irin mai juyawa. Wata rana yana auna wa wata mata maganin tari sai ya ga kyamarar ta juyo da kanta tana kallonsa. Ya matsa hagu ta bi shi, ya matsa dama ta bi shi. Ya saki cokali ya fice titi yana addu'a, matar na biye da shi ba ta ma san abin da suke gudu ba. Da Baba ya zo, bai yi masa dariya ba sai da ya gama aiki. Wanda ya sa kyamarar ya bar ƙofofi a wangale, ya kuma bar lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, wadda kowa a duniya zai iya sani. Wani marar aikin yi ne daga can wata uwa duniya ya shigo yana wasa da ita. Baba ya rufe duk ƙofar da ba a bukata, ya bar guda, ya sa mai kemis ya zaɓi sabuwar lamba da hannunsa, shi kuma ya juya baya har aka gama rubutawa. Haka yake yi a kowane gida. Ba ya son sanin sirrin kowa.

Akwai kuma abin da duk unguwannin da yake shiga suka san shi da shi. In ya gama saiti, ba ya gwadawa a cikin gida, don ya ce daga ciki komai lafiya yake nunawa. Sai ya fita, ya tsallaka titi, ya kashe waifai, wato intanet ɗin gidan, ya kunna datar wayarsa, ya tsaya yana ƙura wa waya ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. Masu wucewa da ba su san shi ba sukan tambaye shi ko ɓata ya yi.

Amma aikin da ya fi zama a bakin mutane shi ne na gidan Goggo.

Goggo tsohuwa ce mai baki da barkwanci, wadda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. 'Yarta, da kowa ke kira Auta, ma'aikaciyar jinya ce a wani babban asibiti mai nisan gaske, inda ta samu gurbin ƙarin horon da ta daɗe tana nema. Kafin ta tafi ta sa wa uwar kyamara a ɗaki, ta bar ta da 'yar ƙanwar Goggon tana kula da ita. Duk lokacin da ta samu sarari a wurin aiki sai ta leƙa waya ta ga uwarta, hankalinta ya kwanta. Kwatsam hoto ya ɗauke. Tana kira a waya, Goggo na cewa lafiya lau, amma Auta ta san uwarta, ko ƙafarta na cin wuta lafiya lau za ta ce. Ta daina barci, ta fara mantuwa a bakin aiki. Ranar da ta samu lambar Baba, ta gaya masa gaskiya cewa in abin nan bai gyaru ba, za ta ajiye horon ta dawo gida, don ba za ta iya jinyar iyayen wasu alhali ba ta san halin da tata uwar take ciki ba.

Baba ya isa gidan da hantsi. Ya gaishe da Goggo, ta dube shi sama da ƙasa ta ce ita da aka ce mai gyaran intanet zai zo ta zaci yaro ne mai askin banza, ashe tsoho ne ɗan'uwanta. Ya ce ai shi ya sa aka turo shi, don a samu wanda za ta yi wa tsiya ya rama.

Bai daɗe da durƙusawa a bayan talabijin ba ya ga matsala ta farko. Kamfanin intanet ya canja musu akwati, sabon kuma shi ma rauta ne, aka jona tsohuwar rautar a bayansa. Masu gadi sun zama biyu, na ciki ya san da zancen kyamara, na waje bai sani ba. Ya daidaita su, ya kafe wa kyamarar adireshi guda a cikin gida don kada ta riƙa canja wuri duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo. Ya tsallaka titi ya gwada. Shiru. Ya dawo ya sake bin komai daga farko, ya sake fita. Shiru. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga, wani mai shago da ke kallonsa ya miƙo masa kujera.

A kan kujerar nan ne ya lura adireshin da rauta ke nunawa daban yake da wanda duniya ke ganin gidan da shi. Ashe kamfanin ya tara gidaje da yawa a ƙarƙashin adireshi ɗaya. In haka ne, ko ƙofa nawa ya buɗe a cikin gidan Goggo, mai zuwa daga waje ba zai ma iso bakin gidan ba. Ya kira kamfani, ya jure kiɗan jira, har ya samu wata ma'aikaciya mai haƙuri. Ya yi mata bayanin aikin, ya kuma yi mata bayanin tsohuwar da 'yarta. Ta ce za a iya ware wa gidan nasa adireshin, amma sai gobe.

Da wani ne, da sai ya kashe waya ya ɓace har goben. Baba ya kira Auta ya ce mata, "'Yata, yau dai ban iya ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na gano inda abin yake. Na ga mahaifiyarki da idona, ta ci abinci, ta kuma zage ni sau biyu. Ki ba ni zuwa gobe kafin ki yanke shawara." Auta ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce in dai Goggo na zagi to da sauƙi.

Washegari da ya dawo, kamfani ya cika alkawari. Ya shiga ɗakin Goggo don ya duba kyamarar, sai ya tarar an lulluɓe ta da ɗankwali. Ya tsaya. Ya ja kujera kusa da gadon, ya tambaye ta a hankali ko ita tana son a gyara abin nan kuwa.

Goggo ta ce tun da aka kafa shi babu wanda ya taɓa tambayarta. Ta ce ta san ƙauna ce ta sa Auta ta saka, amma ido ne a kan gadonta dare da rana, ko juyi za ta yi sai ta tuna ana kallo. "Ranar da abin nan ya lalace, wallahi barcina ya fi daɗi," in ji ta. "Amma kada ka gaya mata, za ta ji ba daɗi."

Baba ya ce shi ba zai gaya mata ba, amma ita Goggon za ta gaya mata. Ya kira Auta, ya sa wa tsohuwar waya a kunne, ya fita tsakar gida ya ba su wuri. Sun daɗe suna magana. Da aka kira shi ya dawo, idon Goggo ya yi ja amma bakinta har kunne. Sun shirya: a cire kyamara daga ɗakin kwana a mai da ita falo, inda Goggo ke wuni, kuma duk lokacin da ta ga dama ta yafa mata ɗankwali ba mai tambayar dalili.

Ya hau kujera da gwiwar nan tasa mai ƙara, ya mai da kyamarar falo. Yana shirin fita gwaji sai Goggo ta ce ya dakata, kada ya ce wa Auta ta duba sai ta shirya. Ta sa aka ɗauko mata mayafinta mai kyau, aka shafa mata hoda, aka tsai da ita a bakin ƙofar falo. Ashe tun da hoto ya ɗauke take ta gwada tafiya a ɓoye, ita da 'yar ƙanwarta, ba ta son a ga faɗuwarta sai dai a ga tashinta.

Baba ya tsallaka titi, ya gwada, hoto ya fito tar. Ya aika wa Auta cewa ta duba. A can asibiti, a ɗakin hutun ma'aikata, Auta ta buɗe waya ta ga uwarta a tsaye. Ta ga ta saki bango, ta taka, ta sake takawa, tana rangaji amma ba mai riƙe da ita, har ta kai kujera ta zauna, ta ɗago hannun da aka ce ba zai ƙara motsi ba ta yi wa kyamara daƙuwa. Auta ta kira Baba tana kuka tana dariya, ya kasa gane ko kalma ɗaya. Shi ma ya tsaya a gefen titi yana share ido da hannun riga, mai shago na tambayarsa ko abin ya sake lalacewa ne.

Auta ta ƙarasa horonta. Yanzu ita ke shugabantar sashenta, kuma duk zuwan da za ta yi hutu sai ta biya shagonsa ta gaishe shi.

Baba Mabuɗi, kai ne wanda in aikinka ya yi kyau ba a tunawa da kai, sai ranar da ya lalace. Kai ne ka sa mai kaji yake duba zafin ɗakin 'yan tsakinsa yana kan hanya, ka sa akawu ya buɗe kwamfutar ofis daga gefen gadon matarsa mai jego. Ka shiga ɗakunan mutane ka ga abin da ba a nuna wa baƙo, ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinka ba. In ba ka sani ba kakan ce ban sani ba tukuna, ka koma ka koyo. Waɗanda ka koya wa aikin nan yanzu magidanta ne masu nasu shagunan, kuma duk wanda ka gani a cikinsu yana tambayar tsohuwa ra'ayinta kafin ya huda bango, a wurinka ya gani.

Matarka ta ce ita ba ta yarda da wannan ritayar ba sai ta gani, don ko gaisuwa kuka je gidan mutane idonka na kan fitilun rautarsu. Mu dai muna roƙonta ta yi haƙuri da kai kamar yadda ta saba.

Mun gode, Baba. Allah ya huta gajiya, ya sassauta wa gwiwa, ya sa ka ci moriyar zaman gida cikin jikokinka. Ku kuma masu tasowa a wannan sana'a, da ma kowace sana'a da ke kai mutum cikin gidan wani, ku je ku zauna da shi tun ana samunsa. Saitin na'ura za ku iya koya a ko'ina. Abin da za ku samu a wurinsa shi ne yadda ake ɗaga waya a ce wa mutum yau ban iya ba, sannan gari na wayewa ya ji sallamarka a ƙofar gida.